Rijiyar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya maigida da yara? Yaya sanyin can? Mu nan New Bell lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Jiya muka ga attajirin nan mai manyan shaguna a Mboppi a tele, yana alkawarin ba talakawa rabin dukiyarsa. Shi ne fa ya sa aka cike rijiyar da Baba ya haƙa a ƙofar gida, wai zai yi wa unguwa foraj, wato rijiyar burtsatse mai famfo. Shekara uku ke nan, sai allo mai sunansa.

Kin tuna yadda muke faɗa kan guga, matan layinmu na ta hira, Baba bai taɓa hana kowa ɗiba ba? Inna ta kalli tele ta ce, "Ba ma son rabin dukiyarsa, ya dawo mana da rijiyarmu." Na yi dariya, sai ga hawaye.

Ki gaida su Kawu. Ki taya mu addu'a damina ta daɗe, don yanzu ruwan sama kaɗai ke cika mana alkawari.

Ƙanwarki,
Balaraba