Tayar da Na Hana Ki Saye

Zuwa ga ƙanwata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan wasiƙa za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Kabiru da ɗanku Abba. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya ɗauke, an fara karyar masara a Gozaki, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta.

Na san ba za ki ji daɗin ganin sunanki a wannan shafi ba. Na kira ki, ba ki ɗauka ba. Saƙonnina kuma kina amsa duk wanda ya shafi gida, ki tsallake wanda ya shafi mota. Amma na san kina leƙa abin da nake rubutawa a nan kafin ki fita aiki, shi ya sa na biyo ta wannan hanya. Masu karatu su yi mana uzuri. Wataƙila a cikinsu akwai mai ƙanwa a ƙasar sanyi.

Wannan ne lokacin sanyinki na farko a Kanada. Da bazara kika isa, kika fara aikin jinya a asibitin da ke bayan gari, kika sayi mota mai amfani da lantarki. Na yi murna da hoton da kika turo, kina tsaye a gefenta riƙe da wayar caji kamar mai shirin ba akuya ruwa. Ban yi tunanin taya ba a lokacin. Sai da Kabiru ya kira ni.

Ya ce kun je shagon taya tare, domin abokan aikinki sun matsa miki ki canza kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Mai shago ya mirgino guda huɗu sababbi. Kika sunkuya kika duba gefen ɗaya, kika ga tambarin nan na dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Kika miƙe, kika ɗauki Abba, kika fita. Kabiru ya ce ya lallashe ki, ya yi faɗa, ya haƙura. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce: "Yaya, kai ka ɗora mata, kai za ka sauke."

Ke kuma saƙon murya ɗaya kika turo mani a kan batun. Kin ce: "Tayar Baba ce, Yaya. Ko kyauta aka ba ni ba zan ɗora Abba a kanta ba."

Kin tuna yadda Baba yake zaɓen taya? Bai taɓa sayen sabuwa ba, kamar yadda babu mai a-kori-kura a tsararsa da ke saye. Layin masu tayar Kwatano yake zuwa a nan Funtuwa, inda ake jibge tsofaffin tayoyin Turai kamar dalar gyaɗa. Sai ya tsuguna, ya zura yatsa cikin zanen tayar ya ji zurfinsa, sannan ya danna farcen babban yatsa a jikin robar. In ta yi zurfi kuma ta lotsa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan tana da nama." Haka kowa yake yi. Babu mai karanta rubutun da ke gefe, domin ba a ɗauka da mu yake magana ba.

Tayar sanyi kuwa ita ce ta fi kowace zurfin zane da laushin jiki. A cikin tulin nan ita ce mai kyan gani. Duk wanda ya iya zaɓe irin namu, ita hannunsa zai kai wa. Baba ya iya zaɓe.

Kina makarantar kwana lokacin. Tsakiyar bazara ce, irin ranar da kwalta ke kama takalmi. Ya ɗauko masara daga Gozaki zai kai kasuwar Dayi, bayan ya wuce Malumfashi tayar gaba ta fashe. Sauran kin sani, ba sai na maimaita a gaban mutane ba.

Bayan an watse daga zaman makoki na je na ga motar. A jikin ragowar tayar na fara ganin tambarin. Aikin jarida ya koya mani in nemi ma'anar abin da ban gane ba, sai na nema. Ba zan rantse cewa tambarin kaɗai ne sanadi ba. Tayar ta tsufa tun kafin ta hau jirgin ruwa, lodi ya yi yawa, rana ta yi zafi. Amma roba ce da aka haɗa domin ƙasar da ruwa ke daskarewa, aka ɗora ta a kan kwaltar Malumfashi da azahar. Mutumin da ya sayar masa da ita, ɗan kudu ne da ya tsufa a Funtuwa, ya zo gaisuwa ya zauna a kan tabarma yana kuka. Shi ma bai taɓa sanin me zanen ke nufi ba.

Da kika fara koyon mota a hanyar Tsiga, wata rana na sa kika tsaya a layin masu taya. Na jawo ɗaya daga cikin tulin, na ɗora yatsanki a kan tambarin, na ce duk inda kika gan shi ki juya ki tafi. Kin riƙe wannan darasi fiye da yadda kika riƙe ribas, wanda har kika bar ƙasar nan sai da addu'a. Abin da na faɗa miki gaskiya ne, kuma gobe in ɗan Malumfashi ya tambaye ni, shi zan sake faɗa masa. Sai dai ban san za ki tafi da shi ƙasar da aka yi tayar dominta ba.

Ki saurare ni da kunnen da kike sauraron likita, ba da wanda kike sauraron yayanki ba.

Robar tayar sanyi an haɗa ta ne ta zauna da laushi ko da ruwa ya daskare, domin ta kama titi. Tayar da ke jikin motarki yanzu an haɗa ta ne domin lokacin ɗumi. Tun sanyi bai kai ga daskarewa ba take fara tauri, in ya tsananta kuwa sai ta zama kamar ƙasan tsohon silifa a kan jiƙaƙƙen siminti. Za ki taka birki, taya ta tsaya, mota ta ci gaba. Abin da ya faru da Baba shi ne an sa tayar wani yanayi a cikin wani yanayi daban. Ki duba da kyau, Zulai. Wadda kika guje wa a shago ba ita ce tayar Baba ba. Tayar Baba ita ce wadda za ki fita da ita gobe da safe.

Motarki kuma ta ƙara mani tsoro, ba ta rage ba. Batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta yana da nauyi ƙwarai, ko ke kaɗai ce a ciki tamkar kin yi lodin buhuna. Kin san yadda mota mai lodi ke tura kanta gaba bayan an taka birki. Sannan ba ta jan ƙafa wajen tashi kamar mai fetur, ana taɓa ta take zabura, kuma da zarar an ɗaga ƙafa sai ta fara riƙe kanta domin ta mayar da wuta cikin batir. A busasshen titi duk waɗannan abin so ne. A kan ƙanƙara, kowanne yana iya sa taya ta suɓuce. Na karanta cewa yawancin irin waɗannan motoci ana iya rage musu wannan riƙewa. Ki tambaya a nuna miki a taki.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoto, ba zan yi miki ƙarya ba. Iyakar sanyin da na sani shi ne na ruwan randa a watan Janairu. Abin da na sani da kyau shi ne laka. Kin tuna ranar da muka tafi bikin 'yar Kawu a tsakiyar Agusta, ina tuƙi, kina gaba da kwanon dubulan a cinya? Muka shiga baƙar lakar nan ta kusa da Gozaki, motar ta juya gefe a hankali. Na murɗa sitiyari hagu, na murɗa dama, kamar ina murɗa faifai. Ta tafi da mu inda ta ga dama, ta kwantar da kai cikin gonar dawa. Muka yi dariya, domin tafiyar ba ta fi ta mai keke ba, kuma dawa ce ta tare mu.

Kabiru ya ce hanyar asibitinku babbar hanya ce, manyan motoci na bin ta da gudu. Ya ce kina fita da sassafe, Abba na ɗaure a kujerar baya, ki sauke shi gidan raino ki wuce. An ce akwai ƙanƙarar da ba a ganin ta, sai dai titi ya yi kamar an yayyafa masa ruwa. Wannan ita ce ta tsaya mani a rai. Laka dai ana hango ta.

Yanzu kafin in duba yanayin Funtuwa sai na duba na garinku. Cikin manoma na tashi, amma ban san ranar da ruwa ya ɗauke mana bana ba sai da aka faɗa mani. Na san dai alƙaluman zafin garinku suna sauka kullum, kuma masu hasashe sun fara sa alamar dusar ƙanƙara a mako mai zuwa.

Don haka ki koma shagon nan. Ki nemi mai tambarin dutsen, shi ɗin da na hana ki. In an nuna miki mai haruffan M da S kaɗai, ba tare da dutsen ba, bai isa ba. A jikin ƙofar direba akwai takarda manne, tana ɗauke da girman taya da lambar nauyin da ya kamata ta iya ɗauka. Kada ki yarda da wadda ta gaza wannan lamba ko da ta shiga daidai, saboda nauyin batir. Kuma huɗun duka. Na san halinmu na sayen biyu a sa a gaba, a bar na baya da addu'a. A kan ƙanƙara, in gaba ya kama baya bai kama ba, mota juyawa take yi ta fuskanci inda ta fito.

Kada jinin Baba ya motsa miki ki nemi ta hannu. Ko sabuwar ma ki duba lambobi huɗun nan na gefe da na koya miki, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kada a ba ki wadda ta daɗe a ajiye. Iska kuma tana raguwa a taya in sanyi ya yi, ki riƙa aunawa.

Kabiru ya ce kin kawo hujjar cewa irin wannan taya tana cin caji. Gaskiya ne, tana ci kaɗan, sanyin kansa ma ya fi ta ci. Amma ni da ke mun san ba caji ne ya fitar da ke daga shagon nan ba. Kin kuma ce masa abin da Allah ya rubuta ba ya tsallake bawa. Haka ne, na yi imani da wannan kamar yadda kika yi. Sai dai ban taɓa jin kin ɗura wa majinyaci allura ba tare da kin duba kwalba ba, kika ce ai an riga an rubuta.

Na fahimci abin da kika ji da kika sunkuya. Ni ma har yau in na ga tambarin nan a jikin motar haya, sauka nake in jira wata. Ban ce ki daina jin haka ba. Ki ji, amma ki ce wa mai shago ya ɗaura.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba, domin kina ƙarama a lokacin. Ranar da Baba ya rasu, ni direbobin tasha suka kira, saboda ni suke da lambarsa. Daga asibitin Malumfashi na hau mashin zuwa Gozaki. Na sami Inna a ɗaki tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan ni ranar aiki, ba jaka, ba tsaraba, sai ta ajiye rariyar a hankali, ta kakkaɓe hannunta, ta gyara zama. Jira take in faɗa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina neman kalmar da zan fara da ita, ni da nake cin abinci da kalmomi.

A na Baba aƙalla akwai hanya. Na je, na gan shi, na yi masa wanka, na ɗauki makararsa. Ke babu motar da za ta kai ni inda kike, ba ni da biza, ba ni da mai ba ni cikin kwana ɗaya. Abin da zan samu shi ne waya, da muryar baƙo yana ƙoƙarin furta sunanki. Daga nan sai hanyar Gozaki da wannan ƙofa. Inna ta tsufa, Zulai, ni ma ba yaro ba ne yanzu. Na shiga ɗakin nan da irin wannan labari sau ɗaya, kuma ba na jin ƙafata za ta sake ɗaukata.

Allah Ya tsare fitarki da komowarki. Ya riƙe ƙafafun motarki a inda idonki bai ga santsi ba. Ya raya mana Abba, Ya jiƙan mai sunansa, Ya haskaka kabarinsa. Ya sanyaya zuciyarki a kan abin da ya wuce, Ya kuma sa ki je shagon nan kafin sama ta fara zubowa. Amin.

In kin gama fushi, ki ɗauki waya.

Yayanki,
Nasiru
Funtuwa