Muryar Baba a Garmaho

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Labarin ba daɗi: ina jin Mama ta fara ruɗewa.

Na fito da garmahon Baba daga ƙarƙashin gado, na goge shi ciki da waje har yana ƙyalli, na ɗora faifan nan ɗaya tilo da ya rera waƙa da abokan aikinsa. Muryarsa ta fito da kauri, a hankali, kamar mai nasiha. Ni da na tashi ban san shi ba, sai hawaye. Mama kuwa ta saurara ta ce, "Wane ne wannan mai jan magana kamar an tashe shi daga barci? Wannan ba mijina ba ne." Na nuna mata sunansa a jikin faifan, ta ce ko a goshinsa aka rubuta, ba shi ba ne.

Wadda ta manta muryar mijinta, gobe wuta za ta manta a kunne. Na karɓe makullin kicin, na sanar da maƙwabta su sa ido, ƙarshen wata zan ɗauke ta ta koma gidana. Tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Kafin ki ɗaure wa Mama kaya, Baba dai ba shi da murya mai kauri. Siririya ce, ga sauri, har tsokanarsa ake yi wai kamar ana binsa.

Da me kika goge garmahon? Ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, za ki ga bel na roba ya zagayo daga inji. In ya saki ko yana santsi, farantin zai riƙa jan ƙafa, muryar ta yi kauri. Ki ɗiga alli a gefen farantin, ki ƙirga zagayensa a minti guda. In bai kai talatin da uku ba, garmaho ne ya ruɗe.

Ki gaida Mama, in za ta amsa ta bakinki.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Da man keken ɗinkina na goge shi, har bel ɗin na shafe, wai don kada ya tsage. Na ƙirga, ko talatin bai kai ba. Na wanke man da sifirit, duk da haka yana ja, domin robar ta riga ta miƙe. Mai gyaran rediyo na bakin layi ya samo mini sabo daidai shi.

Ina ɗora allura, sai ga wani mutum mai zaƙin murya yana rera waƙa kamar zai fashe da dariya. Mama tana ɗaki. Ta fito ko ɗankwali babu, ta dafa ƙofa ta ce, "Yauwa, ga shi nan. Ji shi, kullum cikin gaggawa." Ta bi waƙar baiti-baiti har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Yaya, mako guda ina yi wa baƙon murya kuka, na kuma zaga layi ina cewa uwata ta ruɗe. Na ajiye mata makullin a kan tebur, na kasa haɗa ido da ita. Maƙwabta har yanzu da ƙarfi suke yi mata magana, suna maimaitawa. Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Da wane baki zan ba ta haƙuri?

Auta

Babban ɗana,

Lafiyata ƙalau, hankalina ma haka. Maƙwabta kuwa, Auta ta bi su gida-gida ta warware maganar, ni na sa ta. Amma kada ka yi mata faɗa. Tana goye ubanku ya rasu, ina za ta san muryarsa?

Ba inda za ni. Ita ce ma ta kwaso kayanta ta zo kwana biyu. Tun safe take juya faifan, tana tambayata, "Mama, haka yake dariya?"

Allah ya yi muku albarka.

Mamanku