Cutar Yaya ba ta da suna

Litinin, 3 ga Maris
Likita ya ce ciwon Yaya tarin fuka ne. Da kunnena na ji. Kafin mu fita ƙofar asibiti Gwaggo har ta mai da shi "sanyin ƙirji". Wai kada maƙwabta su ji. To tarin da yake yi kamar zai amayar da huhunsa fa, kurame ne maƙwabtan?

Alhamis, 6 ga Maris
Yau kuma ya zama "nimoniya", matar Yaya ce ta zo da wannan, wai ya fi daɗin faɗi. Kawu ya ce "mashaƙo". Kowa da sunan da ya raɗa wa cutar, sai ka ce jaririya aka haifa. Amma an ware wa Yaya kofi da cokali, abinci kuma daga bakin ƙofa ake miƙa masa. Munafukai. Ni kaɗai nake shiga in zauna.

Asabar, 15 ga Maris
A shago ina yi wa wata kitso ta tambayi jikin Yaya. Na ce tarin fuka ne, yana shan magani, ana warkewa. Ta janye kanta, wai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Da rabin kitso ta fita. Jahila. Mai shago ta ja ni gefe: "Ƙanwata, bakinki zai kore mana mutane." Haushi kamar ya kashe ni.

Laraba, 26 ga Maris
Na fara tari. Ƙurar gashi ce.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Siket ɗina ya yi min yawa. Gwaggo ta kalle ni ta kau da kai. Tsohuwa mai neman abin faɗa.

Talata, 15 ga Afrilu
Sakamakon gwajin majinata ya fito. Likitan dai, kujerar dai. Ya ce in dakata da aiki har magani ya kama jikina. Ina tsoro, wallahi. Kujerata a shago akwai masu jiranta.
Na kira mai shago na ce ina neman hutu. Ta ce, "Me ke damunki?"
Gwaggo na zaune kusa da ni tana jan carbi. Na ce sanyin ƙirji ne. Ba ta ko ɗago kai ba, sai ta turo min kofinta.