Mota Ta Daina Karkarwa

Maman yara,

Albishirinki, mota ta warke! Na fita kina kasuwa, mai kayan nan yana ta kira, na kasa jiranki.

Kin tuna yadda take karkarwa tun da na sa sabon kuros, ƙarfen nan mai kai huɗu da ke haɗa farfela, wato dogon ƙarfen ƙarƙashin mota da ke juya ƙafafun baya? Ashe kuros ba shi da laifi. Kafin in kwance farfelar na yi mata alama da alli, don in mayar da ita yadda take. Ke kuma kika gan ta a tsakar gida duk datti, kika wanke ta tas, har da allin. Shi ya sa na ɗaura ta a karkace.

Ɗazu na sake kwancewa, na daidaita bakunanta biyu, na zaga unguwa. Wallahi ko shayi kika ɗora ba zai zube ba.

Ki yi haƙuri, jan farcenki ya ƙare, da shi na yi sabuwar alama. Wannan kam, ki wanke iya son ranki.

Maigidanki