Rigar da Kika Aiko wa Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan ƙalau muke, sai ƙafar Inna da har yanzu take matsa mata.

Rigar da kika ɗinka mata ta iso, kuma tun ranar ba mu huta ba. Duk wadda ta shigo shago, ko maɓalli ta zo a sa mata, sai Inna ta ɗingiso ta nuna mata aikin autarta. Ni da nake mata ɗinki tun kina wasan ƙasa, ban taɓa jin ta kira kowa ya zo ya gani ba.

Kin san halin tela. Tana shiga wanka na juya rigar, na bi ta layi-layi ina neman inda kika karkace. Na ja hammata, na ja kafaɗa. Ban sami komai ba, kuma wallahi ban ji daɗi ba. Ni fa na ɗora ƙafarki a kan keken ɗinki, ni na sha warware miki ɗinki kina zumɓura baki.

Amma ɗakinki ya fi tsaya mini a rai. Kin ce ɗan tsukuku ne, daga katifa sai keke, makulli kuma a jakarki. Ki fita babu mai tambayar ina za ki, ki yanka yadi yadda kika ga dama. Ni ko zare zan sayo sai na faɗi lokacin dawowa. Ina ƙyashinki, Auta, ba zan ɓoye miki ba.

Inna na gaishe ki.

Taki,
Yaya

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin, murar ta sake ki?

Na ga amsarki. Kin ce mai shagonku tana neman tela, in tattaro kayana in taho, katifar za ta ɗauke mu. Ba ƙaramin daɗi na ji ba, sai kuma haushi ya biyo baya. A bakinki abin ba wuya. Ke da za ki tafi, jaka kawai kika ɗauka, ba ki tsaya tunanin mai dafa wa Inna ruwan gashin ƙafa ba. Kin san ina nan.

Duk da haka na gaya mata zan tafi. Na zaci faɗa za ta yi ko kuka. Ta daɗe tana murza gwiwarta, sannan ta ce ba za ta hana ni ba, na yi iya yina. Abu ɗaya ta roƙa: tunda ke kin ɗana zaman kanki, in tambaye ki ko za ki dawo ki karɓe ni.

To, na tambaye ki. Ba zan haɗa kaya ba sai na ji daga gare ki.

Ki huta lafiya.

Taki,
Yaya