Kuskuren da Baba Ya Ƙi Ƙirgawa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ƙanwarka ce ke gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa albarka a aikinka, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ɓoye wa Mama. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba tare da ta tsaya a tsakiya tana mitar wanda ya gina shi ba. Auta ta gama jarrabawa, tana zaman jiran sakamako tana cinye mana abinci. Baba kuwa likita ya ƙara masa maganin hawan jini, ya ce ya daina shiga ƙarƙashin mota. Ya ce to. Washegari na same shi kwance ƙarƙashin motar maƙwabci, wai ba aiki yake yi ba, dubawa kawai yake.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba ka barina in kai ƙarshe. Da na ambaci Baba sai layi ya lalace, kuma abin mamaki ba ya lalacewa idan hirar ƙwallo ake yi. Shekara shida ke nan, Yaya, tun ranar da ka manta ɗaure notin mai, injin mutane ya buga, Baba ya ce a gaban mai motar hannunka ba na bakanike ba ne. A makon ka tafi ba sallama. Duk sa'ad da na ce ka zo gida, amsarka ɗaya ce, wai me za ka ce masa, ta ina za ka fara. To yau ka daure ka karanta har ƙasa.

Ka tuna fim ɗin nan na tsohon direba da 'ya'yansa biyu, da suka keta duwatsu da babbar mota suna neman wani gari da ya ɓace? Wanda ku biyu kuka yi ta maimaitawa a ƙaramar talabijin ta gareji har faifan ya kakkarce. A ƙarshensa gada ta karye, babban ɗan ya faɗa kogi da motarsa. To an fito da kashi na biyu, kuma tun fitowarsa mutane ke ta yayyaga shi a intanet. Auta, wadda wayar ba ta barin hannunta, ta yi kwana uku tana karanta mana ƙorafe-ƙorafen. Wani ya ce an raina wa masu kallo hankali. Wata ta zana taswira don ta nuna tafiyar da aka yi cikin yini ɗaya ta mako biyu ce. Amma abin da ya fi ƙona wa kowa rai shi ne babban ɗan ya dawo da ransa, kuma har fim ya ƙare ba a faɗi yadda ya tsira ba, ko inda ya zauna duk shekarun nan. Baba yana jin mu yana shan shayinsa. Ran Asabar da hantsi sai ga shi ya sa rigarsa mai kyau, ya ce mu tashi mu kai shi sinima ya gani da idonsa.

Yaya, na yi da-na-sanin kujerar da na zauna. Ko minti goma ba a yi ba ya fara zungurata da gwiwar hannu. A fim ɗin an tono motar babban ɗan daga cikin yashi bayan shekara goma, aka murza makulli ta tashi nan take. Baba ya ce a kawo masa batirin nan ya ga ko na aljanu ne. Can kuma mota ta mutu a kan dutse, ƙaramin ɗan ya ciro fulogi ya goge da rigarsa ya mayar, ta tashi. Nan fa Baba ya kusa miƙewa tsaye, ya ce injin dizal ina ya samu irin wannan fulogin, wanda ya rubuta wannan ko faci bai taɓa yi ba. Tayar hagu ce ta fashe, aka nuno su suna canja ta dama. Har rufe ido ya yi, irin yadda yake yi idan ya kafa sukundireba a kan inji ya kara kunne, ya ce ƙarar da aka sa ma ba ta wannan motar ba ce. Wata mata a bayanmu ta ce don Allah Baba a bar mu mu ji, ya juya ya ba ta haƙuri cikin ladabi, sannan ya yi mata bayanin fulogin ita ma.

Sai aka zo wurin da kowa ke zagi. Tsohon direban yana zaune a tsakar gida yana wanke kayan aiki, aka buɗe ƙofa, babban ɗan ya shigo, ya rame, ya tara gemu. Tsohon ya dube shi, ya matsa gefe a kan benci, ya miƙa masa tsumma. Shi ke nan. Bai tambaye shi komai ba. Cikin sinima har da masu tsaki, wani ya ɗaga murya ya ce haba, a dai yi mana bayani mana. Na gyara zama ina jiran gwiwar hannun Baba, ba ta zo ba. Da na waiwaya na ga ya dafe bakinsa da hannu, kuma a haka ya zauna har aka kunna fitilu.

A hanyar gida Auta ta ce za ta rubuta kurakuran da Baba ya gano ta sa a intanet, tunda nasa sun fi na kowa ma'ana. Ya lissafa mata guda bakwai tiryan-tiryan, har da waɗanda ban lura da su ba. Ta ce saura babban, dawowar ɗan nan ba bayani. Baba ya ce kada ta sa wannan. Ta ce ai shi ne kowa ke magana a kai. Ya ce duk masu maganar nan yara ne, babu wanda ya taɓa zaman jiran ɗa a cikinsu. Ya ce a fim ɗin nan kaf wurin nan kaɗai aka yi gaskiya, domin idan ɗanka ya turo ƙofa ya shigo, ba ka da sauran tambaya, tsoronka ɗaya kada ka buɗe baki ka sake faɗin abin da zai kore shi. Yana faɗa yana kallon waje ta taga. Ni ke tuƙi, sai da na gangara gefen titi na tsaya, domin ban iya ganin hanya ba.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san allon gareji, inda kowane kayan aiki yake da ƙusarsa da zanensa na farin fenti. Gurbin sifana mai lamba goma sha huɗu, wadda ka tafi da ita a aljihun rigar aiki, har yau fanko ne. Shekara shida Baba yana aro wajen mai walda na kusa. Mijina ya taɓa sayo masa sabuwa, ya yi godiya ya jefa ta cikin durowa, ya ce gurbin da mai shi. Da aka sake fentin gareji bara, da hannunsa ya sake zana wurin, ga tsufa ya kama shi, zanen duk ya karkace.

Ba Baba ne ya sa ni rubutu ba, ka san bakinsa ba zai iya ba. Ni ce nake jin tsoro, Yaya. Ya tsufa fiye da yadda kake zato, kuma ina kewarka, kewar da ta fara zama fushi. Jawabin nan da ka shekara shida kana shiryawa, babu mai neman sa. Mama ma ta yi alkawarin kame bakinta, ko da yake ban ɗaukar maka alkawarin zai wuce kwana biyu ba.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce ina godiya da hotunan da take turo mini a ɓoye. Ka shafa mini kan Babba da Ƙarama, waɗanda kakansu bai taɓa ɗauka ba. Mama na gaishe ku, Goggo da Kawu mai rediyo suna gaisuwa, Auta ta ce a ce maka kurakuran Baba sun samu masu karatu fiye da dubu, kuma guda bakwai ɗin kawai ta sa.

Idan sifanar tana nan, ka taho da ita. Idan ta ɓata, ka taho haka nan. Daga ƙarfe tara na safe yana gareji, a kan bencin nan da ka sani, kuma ƙofar ba a kulle take ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai bi maka