Barewar da Alhaji Mamuda Ya Yanka

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa na kabari, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Ƙaninka Sadisu ne, daga ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Zahir, nan Makka. Na rubuto in sanar da kai cewa mutumin da ya kashe ka ya zo Makka, kuma wai so yake in yafe masa.

Kai ka koya mini harsashi tun ban kai tsawon bindigarka ba. Kakan farke kwanso da wuƙa, ka zuba mini ƙwayoyin dalma a tafin hannu, sannan ka ɗora dunƙule kusa da su. Kakan ce, "Ƙwaya tana gajiya a hanya, Sadisu. Dunƙule kuwa in ya huda barewa, ba ya tsayawa gaisuwa." Shi ya sa a farautar kewaye, inda maharba ke fuskantar juna, kowa sai ya buɗe bindigarsa ya nuna wa Sarkin Baka abin da ya ɗura.

Sai ga Alhaji Mamuda da sabuwar bindigarsa ta ƙasar waje, mai murɗaɗɗen zane a cikin baki. Ka leƙa, ka yaba. Ka gaya masa irin wannan bakin watsa ƙwaya yake yi, don dunƙule aka ƙera shi, gara ya ajiye ta sai ranar da zai fita shi kaɗai. Ya yi dariya. Ya nuna wa Sarkin Baka ƙwaya, da aka rarrabu ya canza ɗuri ya sa dunƙule. Harsashin ya ratsa barewar da ya harba, ya same ka a ƙirji kana ɗaya gefen kana koro masa ita.

Dattawa suka taru suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ni ina nan, ko gawarka ban gani ba.

Yanzu ya zo umara. Inna ta aiko mini saƙon murya tana kuka, wai in je wurinsa, ita ta gaji da riƙo. Wallahi Yaya, ni ban gaji ba. Kuma na gane dabararsa. Ya zaɓi garin da ko tantabara ba a firgitawa, ya san hannuna a ɗaure yake.

Na same shi bayan la'asar a masaukinsa a unguwar Tandabawi, kai ƙwal da askin umara. Ya tsufa. Ya kama hannuna yana hawaye, ya ce mu je gaban Ka'aba in faɗa a can cewa na yafe, har ya tanadi wanda zai ɗauka a waya a tura gida.

Zuciyata ta fara sanyi, ba zan ɓoye maka ba. Sai na tambaye shi abin da babu wanda ya taɓa gaya mini: ina barewar? Ya sunkuyar da kai. Sai da na maimaita ya ce ai tana shure-shure, bai kamata ta zama mushe ba. Wato jininka yana zuba, ita ya fara rugawa ya sa wa wuƙa. A gidansa aka ci naman.

Na bi shi Harami kamar yadda ya so. Mai wayar ya saita. Na fuskanci Ka'aba, na ɗaga hannuwana, na ce Allah ya isa, da muryar da na tabbata Inna za ta ji.

Ka yi haƙuri, Yayana, na san kai mai sanyin hali ne. Ina kewarka ƙwarai. Har yau in ana ɗawafi nakan hango ƙeya irin taka, in kutsa cikin mutane in duba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya raya 'ya'yanka. Ranar da zai tsayar da kai da Alhaji Mamuda, ina roƙonsa ya ba ni wuri a kusa.

Ƙaninka da bai yafe ba,
Sadisu